Tantin saman mota: Amfaninsa da illolinsa ga masu kwana a hanya

Duk ranar Juma'a garin Wudil yakan cika ya batse da fatake da dillalai da direbobin manyan motoci, saboda kasuwarsa ta shanu tana cikin mafiya girma a Arewacin Najeriya. Da yawa daga cikin masu cin kasuwar sukan iso tun daren Alhamis, wasu kuma sukan zagaya mazaɓun ƙaramar hukumar irin su Ɗankaza da Darki da Lajawa da Utai domin sayen hatsi da dabbobi daga hannun manoma. Ƙauyuka irin waɗannan ba a san su da otal ba. Baƙon da yake da mai masauki yakan kwana a zaure, wanda ba shi da kowa kuma yakan shimfiɗa tabarma a gindin mota, ko ya lanƙwashe a kan kujerarta har gari ya waye.

Wannan matsala ta makwanci ita ce ta sa wasu masu yawan tafiya suke tambaya a kan tantin da ake ɗaurawa a saman mota, wanda suke gani a hotunan masu yawon buɗe ido a intanet. Tantin yana da amfani na gaske, sai dai yana da sharuɗɗan da ya kamata ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya sani kafin ya zuba kuɗinsa.

Mene ne tantin saman mota?

Ɗan ƙaramin ɗaki ne na yadi mai kauri, mai daɓen katako ko na alminiyon, da katifa a cikinsa. Ana ɗaure shi a kan ƙarafan ɗaukar kaya na saman mota, waɗanda direbobi suke kira kariya. Idan ana tafiya yana naɗe kamar akwati, idan aka yada zango sai a buɗe shi, a jingina tsani a hau.

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai murfi mai tauri, wanda ake ɗaga shi cikin minti ɗaya ko biyu, ya fi tsada kuma ya fi jure iska. Akwai mai rufin tamfol da ake buɗewa kamar littafi, ya fi sauƙin kuɗi da faɗi, amma buɗe shi da naɗe shi yakan ci minti 10 ko fiye. Nauyin yawancinsu yana tsakanin kilo 45 zuwa 90.

A ƙasar Italiya aka fara ƙera shi domin sayarwa a ƙarshen shekarun 1950, inda samfurorin Maggiolina da Air-Camping suka yi suna. Daga baya ya samu karɓuwa sosai a Afirka ta Kudu da Ostireliya, ƙasashen da mutane suke tafiya mai nisa a daji, kuma kwanciya a ƙasa take da haɗari saboda namun daji da macizai.

Amfaninsa

Babban amfaninsa shi ne yana raba mai barci da ƙasa, da tsayin kusan mita biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a karkarar Arewa, inda kububuwa da kasa da gamsheƙa da kunama suke fitowa da dare, musamman lokacin damina da kaka. Saran maciji ya yi yawan da har akwai asibiti na musamman domin jinyarsa a Kaltungo ta Jihar Gombe. A garin da yake bakin kogi kamar Wudil kuwa, danshin ƙasa da kwararar ruwan sama sukan hana mai tabarma runtsawa.

Na biyu, tagoginsa da ƙofarsa suna da raga mai hana sauro shiga. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma matafiyin da yake kwana a fili ba tare da gidan sauro ba yana cikin waɗanda suka fi fuskantar cutar.

Na uku, yana ba direba damar miƙe jiki ya yi barci sosai. Wanda ya kwana a lanƙwashe a kujera yakan tashi da ciwon baya da gajiya, sannan ya kama hanya yana gyangyaɗi. A hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, tsawonta kuma ya haura kilomita 500, gyangyaɗin daƙiƙa kaɗan ya isa ya jawo asarar rai. Haka nan tantin yana hana wata ɗabi'a mai kisa, wato kwana a cikin mota a rufe da injin a kunne domin shan sanyin na'ura, alhali hayaƙin salansa yana ɗauke da iska mai guba da ba ta da wari ko launi.

Na huɗu, mai kaya yana kwana a kan kayansa. Ɗan kasuwar da ya cika mota da buhuna ba ya son ya bar ta a tasha ya tafi masauki, kuma tantin yana bar masa cikin motar gaba ɗaya domin kaya. Ma'aikatan da aikinsu yake kai su ƙauyuka, kamar malaman gona da masu safiyo da masu haƙa rijiyoyin burtsatse, su ma za su iya kwana kusa da wurin aiki ba tare da sun dawo birni kullum ba.

Illolinsa

Ta farko ita ce tsada. A ƙasashen da ake ƙera shi, farashinsa yakan kama daga kimanin Dalar Amurka 1,000 zuwa 4,000, kafin a haɗa da kuɗin dako da na kwastam da na ƙarafan ɗaurawa. Lissafin mai sauƙi ne: idan aka ƙaddara tanti ya ci Naira miliyan biyu, ɗakin kwana kuma Naira 20,000 ne, sai mutum ya kwana 100 a cikinsa kafin ya mayar da kuɗinsa. Mai tafiya kowane mako zai cike wannan adadi cikin shekara biyu. Mai tafiya sau uku ko huɗu a shekara kuwa, tantin zai tsufa a kan motarsa bai biya kansa ba.

Ta biyu ita ce shan mai. Duk abin da aka ɗora a saman mota yana tare iska, injin kuma sai ya ƙara ƙarfi kafin ya ratsa ta. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kiyasta cewa babban akwatin kaya a saman mota yana rage nisan da lita take kaiwa da kashi 2 zuwa 8 cikin 100 a cikin gari, da kashi 6 zuwa 17 a babbar hanya, har zuwa kashi 25 idan ana gudu sosai. Motar da take shan lita 50 a tafiyar kilomita 500, idan shan manta ya ƙaru da kashi 15, za ta buƙaci ƙarin lita bakwai da rabi a zuwa, da wasu irinsu a dawowa. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ƙari ba abin rainawa ba ne. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne sauke tantin yana buƙatar mutum biyu ko uku, don haka yawanci akan bar shi a kan motar, tana shan man banza ko da zuwa ofis ko kasuwar Kwari za a yi.

Ta uku ita ce nauyi. Kowace mota tana da iyakar abin da rufinta zai ɗauka yayin tafiya, kuma a yawancin ƙananan motoci iyakar tana tsakanin kilo 50 zuwa 100, kamar yadda ake rubutawa a littafin bayanin motar. Idan mota tana tsaye rufin yana ɗaukar abin da ya ninka haka, shi ya sa mutum biyu suke iya kwana a sama lafiya. Haɗarin yana kan titi. Nauyi a sama yana sa mota ta riƙa rinjaya a kwana, kuma idan direba ya kauce wa rami ba shiri tana iya kifewa. Wanda ya ɗora tanti sannan ya ƙara buhun wake a kansa ya wuce iyaka, ya kuma shiga laifin lodi fiye da ƙima da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take hukuntawa a kai. Ga ɗan kasuwa, ma'anar hakan ita ce ya sallama rufin da yake ɗora kaya.

Ta huɗu ita ce yanayi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, tamfol da ƙarfen motar da suka wuni a rana kuma ba sa hucewa da wuri. Da hunturu, ƙura tana shiga ta raga, sanyi kuma ya fi kaɗawa a sama. A farkon damina guguwar da take gabatar ruwa tana girgiza tantin da motar tare. Idan ana tsawa da walƙiya, jikin mota na ƙarfe yana kare wanda yake cikinta, amma ba ya kare wanda yake samanta, don haka sauka a shiga ciki shi ne daidai. Tantin da aka naɗe da jiƙa kuwa yakan yi fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Ta biyar ita ce tsani. Hawa da sauka cikin duhu domin kama ruwa ko alwalar Asuba yana da wuya ga dattijo da mai ciwon gwiwa da mace mai juna biyu da ƙananan yara, faɗuwa daga tsayin mita biyu kuma tana iya karya ƙashi.

Batun tsaro

Wannan shi ne abin da ya fi kowane nauyi, kuma shi ne masu tallar tantin ba su cika ambata ba. An ƙera shi ne domin tsare mutum daga dabba. Ɓarawo ko mai garkuwa da mutane ba ya jin tsoron tsani, yadin kuma wuƙa tana yaga shi. Wanda ya kwana a kujerar direba zai iya tayar da mota ya gudu idan ya ji motsi. Wanda yake sama sai ya sauko, ya naɗe tanti, ya ɗaure shi, kafin motar ta motsa. Ƙari a kan haka, mota mai tanti a buɗe tana jan ido daga nesa, tana kuma nuna cewa baƙo mai hali yana kwance a wurin.

Fataken da suke safarar goro daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19 sun san wannan darasi. Madugu ba ya yada zango sai inda akwai ruwa da jama'a da amincewar sarkin gari, ayari kuma yana kwana ne a dunƙule da masu gadi. Ƙa'idar ba ta canza ba. Tantin saman mota yana dacewa da harabar da take da katanga da mai gadi, ko tashar mota mai jama'a, ko ƙofar gidan mai unguwa bayan an nemi izini, ko wurin shaƙatawa mai ma'aikata kamar sansanin Wikki na gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi. Gefen titi a tsakiyar daji ba wurin buɗe shi ba ne, komai kyawunsa.

Wa ya dace ya saya?

Wanda zai ci moriyarsa shi ne mai mota mai ƙarfi irin Hilux ko Land Cruiser, mai kwana a waje sau da yawa a wata, wanda ba ya dogara da rufin mota wajen ɗaukar kaya, kuma yake da sanannun wuraren sauka masu aminci. Kafin saye, ya duba iyakar nauyin rufin motarsa, ya haɗa nauyin tanti da na ƙarafa, ya tabbatar bai zarce ba. Idan masu walda na gida ne za su ƙera ƙarafan, a ɗaure su a wuraren da kamfanin motar ya tanada, a kuma riƙa duba notinan bayan kowace tafiya a hanya mai gargada.

Ga mai ƙaramar mota da yake zuwa Wudil ko Maigatari jefi-jefi, gadon zango mai naɗewa da gidan sauro mai magani da 'yar katifa za su ɗaga shi daga ƙasa su kare shi daga sauro, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashin tantin ba. Mai masauki na gari a Ɗankaza ko Darki kuwa har yanzu yana ba baƙo abin da tanti ba ya bayarwa, wato mutanen da suka san da zamansa kuma za su fito idan ya yi kira.