Tayar da Motar da Ta Daɗe a Kwance

A zangunanmu ba a rasa tsohuwar Peugeot 504 da ta shekara biyar a kwance, mai ita ya yi tafiya ko ya rasu. Magada kan sayo batir su murza makulli, kafin a ankara inji ya buga, gado ya salwanta.

Dalili kuwa, baƙin mai ya tsiyaye ƙasa, famfon mai ya bushe, ƙarfe na cin ƙarfe.

Ƙwararrun fitoci irin na Suame a Kumasi ba sa gaggawa. Sukan juye tsohon mai su zuba sabo, su cika sabuwar filta kafin su ɗaura. Su kwance fulogai, su ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, su juya injin da sifana. Sannan su cire wayar kwayil, su riƙa buga sitata daƙiƙa 10 suna hutawa, har jar fitilar mai ta mutu. In ta ƙi, sai a kwance famfon a cika shi da man basilin domin ya ja.

Jama'a, in fitilar ta kama bayan an tayar, a kashe nan take. Galan ɗaya na mai ya fi sabon inji araha.