Lee Elder: Baƙar fatar da ya buɗe ƙofar gasar Masters, ya kuma taɓa cin kofi a Najeriya

Da safiyar ranar 10 ga watan Afrilun 1975, wani mutum mai shekara 40 ya tsaya a filin Augusta National da ke jihar Georgia ta Amurka, ya ɗaga sanda ya doki ƙwallo. Sunansa Lee Elder, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya buga gasar Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin ƙwallon lambu huɗu na duniya.

An fara gasar ne a 1934, shekarar da aka haifi Elder. Tsawon waɗannan shekaru, baƙaƙen fata na shiga filin ne a matsayin ma'aikata da masu dakon jakar sanduna.

Maraici da dakon sanduna

An haifi Robert Lee Elder a ranar 14 ga watan Yulin 1934 a birnin Dallas na jihar Texas, cikin gida mai 'ya'ya goma. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya rasu a Yaƙin Duniya na Biyu, mahaifiyarsa kuma ta bi bayansa bayan 'yan watanni. Daga baya ya koma birnin Los Angeles wajen 'yar'uwar iyayensa.

Neman na sakawa a bakin salati ne ya kai shi filin ƙwallon lambu, wanda aka fi sani da golf. Ya riƙa ɗaukar wa 'yan wasa jaka, yana lura da yadda suke riƙe sanda da auna nisa. A wannan wasa, ɗan wasa kan bi ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya kammala da mafi ƙarancin bugu shi ne ya yi nasara.

Elder ya samu horo a hannun Ted Rhodes, ƙwararren ɗan wasa baƙar fata. Bayan ya kammala aikin soja a 1961, ya shiga gasannin ƙungiyar UGA, wadda baƙaƙen fata suka kafa saboda an hana su shiga na Turawa. A can ya yi zarra, har akwai lokacin da ya lashe gasa 18 cikin 22, sai dai kuɗin da ake samu bai taka kara ya karya ba.

Dokar da ta tare hanya

Babban shingen shi ne wani sashe a kundin ƙungiyar ƙwararru ta PGA da ya keɓe zama mamba ga farar fata kaɗai. Sai a 1961 aka soke shi, inda Charlie Sifford ya zama baƙar fata na farko da ya shiga jerin manyan gasannin ƙungiyar.

Elder ya samu nasa gurbin a 1967, yana da shekara 33. A shekarar da ta biyo baya ya yi kunnen doki da Jack Nicklaus a wata gasa a birnin Akron, aka tafi zagayen raba gardama, kuma sai a rami na biyar Nicklaus ya yi galaba.

Soke dokar bai kawar da wariya ba. A birnin Pensacola na jihar Florida an taɓa hana shi da sauran baƙaƙen fata shiga ɗakin sauya kaya, sai a wurin ajiye motoci suka sauya.

Tafiyarsa Afirka

A 1971 Gary Player, zakaran Afirka ta Kudu, ya gayyace shi gasa a Johannesburg, a lokacin da mulkin wariyar launin fata ke kan ganiyarsa. Elder ya gindaya sharaɗin cewa ba za a raba 'yan kallo bisa launin fatarsu ba, kuma aka amince.

A wannan shekarar ce kuma ya lashe gasar Nigerian Open a Legas. Hakan na nufin ya ɗaga kofi a Najeriya shekara uku kafin ya samu nasararsa ta farko a manyan gasannin ƙasarsa.

Hanyar Augusta

Nasarar ta zo a 1974, a gasar Monsanto Open, a garin Pensacola da aka taɓa wulaƙanta shi. Ya doke Peter Oosterhuis ɗan Ingila a zagayen raba gardama, abin da ya ba shi damar shiga Masters.

Kafin gasar ya sha samun wasiƙun barazanar kisa. Saboda haka ya kama hayar gidaje biyu a Augusta, yana sauya makwanci don kada a san inda yake. Ya yi bugu 74 a rana ta farko, 78 a ta biyu, bai tsallaka zuwa kwanaki biyun ƙarshe ba. Amma ya sake komawa gasar sau biyar.

Gaba ɗaya ya lashe manyan gasannin PGA huɗu, ciki har da Westchester Classic ta 1978, wadda aka buga a arewa da birnin New York. A 1979 ya zama baƙar fata na farko da ya wakilci Amurka a gasar Ryder Cup, sannan ya ci kofuna takwas a rukunin 'yan wasan da suka kai shekara 50.

Abin da ya bari

Lokacin da Tiger Woods ya lashe Masters a 1997, Elder na cikin waɗanda suka je Augusta kallo, kuma Woods ya ambace shi tare da Sifford da Rhodes a matsayin waɗanda suka share masa fage.

A watan Afrilun 2021 masu shirya gasar suka karrama shi a bikin buɗe ta, tare da Nicklaus da Player. Rashin lafiya ta hana shi buga ƙwallon, amma ya miƙe ya ɗaga sandarsa ga 'yan kallo. Kulob ɗin ya kuma kafa tallafin karatu da sunansa a kwalejin Paine, wadda tun asali aka kafa domin baƙaƙen fata a birnin Augusta.

Elder ya mutu ranar 28 ga watan Nuwamban 2021 a jihar California, yana da shekara 87.