Ɓarnar da Hayaƙin Taba Ke Yi wa Huhu Tun Ranar Farko

Mutane da yawa suna zaton ɓarnar taba ba ta bayyana sai bayan shekaru. To, ba haka abin yake ba. Likitoci sun tabbatar tana somawa tun daga zuƙar farko.

A cikin hanyoyin da iska ke bi zuwa huhu akwai waɗansu 'yan gasu ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Aikinsu dare da rana shi ne share ƙura da majina da ƙwayoyin cuta, su turo su sama. Hayaƙin sigari yakan kashe musu ƙarfi, sai majina ta taru. Wannan ne mafarin tarin da mashayi ke yi da asuba. Banda haka, cikin hayaƙin akwai iska mai dafi, watau kabon monoksaid, irin wadda garwashin gawayi ke fitarwa. Jini ya fi kama ta bisa ga iskar oksijin fiye da sau 200, shi ya sa mashayi ke haki da ɗan ƙaramin aiki.

Sigarin lantarki kuwa ba ya ƙona ganye, wani ruwa yake dafawa ya zama tururi. Amma fa tururin nan ba na ruwan sha ba ne. Galibi yana ɗauke da nikotin, yana kawo tari da ƙaiƙayin maƙogwaro, yana kuma iya tayar wa mai asma da ciwonsa. A shekarar 2019 wani mugun ciwon huhu ya ɓulla a Amurka tsakanin masu shansa. Kafin ƙarshen Fabrairu 2020 an ƙidaya mutum 2,807 da ya kwantar, 68 suka rasu. Bincike ya nuna yawanci wani man bitamin E ne da aka gauraya cikin ruwan wiwi ya jawo.

Sauƙi ma ba ya jinkiri. Bisa ga bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya bar taba, cikin awa 12 iskar nan mai dafi takan ragu a jininsa ta koma daidai. Tsakanin mako 2 zuwa 12 huhunsa yakan ƙara ƙarfi.

Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Saboda haka ya kamata hakimai su tunatar da dagatai da masu unguwanni, malamansu kuma su karanta wa jama'a wannan bayani ran kasuwa, domin saurayi ya fi jin gargaɗin abin da zai same shi bana, ba na tsufa ba.