Bahago a Bakin Inji

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne wani abu da na gani da idona a wata rumfar niƙa ta unguwarmu, ran da bel ɗin inji ya cafki gefen rigar wani yaro mai koyon sana'a ya fara jansa, shi kuwa cikin firgita ya kai hannun hagu yana lalubar inda ake kashe injin, alhali kuwa wurin yana can ɓangaren dama, inda maigidansa ya shekara yana tilasta masa kai hannu da ranƙwashi da zagi. Allah ya kiyaye, rigar ta tsufa, sai ta yage. Da ƙura ta lafa, abin da maigidan ya iya cewa shi ne, "Ai na gaya maka, hannun nan naka shi zai kashe ka." Cikin duk waɗanda suka taru babu wanda ya tambayi dalilin da ya sa bel yake gudu tsirara ba murfi.

Bahago dai kowa ya san shi, kuma galibi cikin mutum goma akan sami ɗaya. Amma zancen da na gaji da ji shi ne wai bahago mutum ne mai jawo wa kansa haɗari bisa ɗabi'a, wai kuma maganinsa a dake shi tun yana ƙarami har ya koma dama. Alal haƙiƙa duka yana iya sa yaro ya riƙe alƙalami da dama muddin idon malam yana kansa, amma fa ba ya kankare halittar da Allah ya yi masa, domin a sa'ar razana, lokacin da babu sararin tunani balle tuna horo, hannun da ya fi sauri shi ke riga fita, kamar yadda wanda ya taka garwashi ba ya shawara da kowa kafin ya ɗaga ƙafa. Wanda aka juya da tilas kuwa yakan tsaya tsakanin hannu biyu yana ɗari-ɗari, kuma wannan ɗan jinkirin ya ishi inji ya cinye yatsa.

Masu fakewa da addini su yi adalci. Ci da sha da gaisawa da dama ladabi ne na Sunna, babu mai jayayya, amma ban san babin fiƙihun da ya wajabta riƙe guduma ko zarto da dama ba, kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar yana aiki da hannuwansa biyu. Abin mamaki ma, mu ɗin nan da muke tsangwamar bahago a gida, mu ne muke yi masa kirari a fagen dambe.

Har Turawa ma sun taɓa faɗawa wannan rami na ɗora wa bahago aibi. A 1991 wasu masana biyu, Halpern da Coren, sun wallafa a Amurka cewa bahago yana riga mai dama mutuwa da kimanin shekara 9, duniya ta ɗauka, daga baya aka nuna musu cewa tsofaffin da suka ƙirga sun tashi ne a zamanin da ake juya yara da tilas, shi ya sa bahagwai suka yi ƙaranci a cikinsu.

Aibin yana ga kayan aiki, waɗanda aka ƙera domin mutum tara aka manta da na goma. Dubi injin yankan itace: an tsara shi a riƙe bayansa da dama, gabansa da hagu, birkin sarƙarsa kuma yana gaban hannun hagu, ta yadda wanda ya juya riƙon ya matso da sarƙar kusa da jikinsa. Babur ma totur da birkin gaba duk a dama suke. Gajiya da gyangyaɗi da rashin gyara su ma suna da nasu rabon a haɗari.

Saboda haka ya kamata maigidan sana'a, tun ran da aka kawo masa yaro, ya jefa masa wani abu ba zato ya ga hannun da zai cafe da shi, domin yaron da ya sha duka ba zai faɗi gaskiya da baki ba. In ya tabbata bahago ne, a tsayar da shi ta gefen da hannunsa zai kai ga makashin inji ba tare da ya gitta ta kan bel ba, in kuwa injin na lantarki ne, a sa maɓalli a tsakiya ko a ɓangarori biyu, abin da bai kai kuɗin ɗinkin yatsa guda a asibiti ba. Injin da ba ya karɓar riƙon hagu a koya masa shi cikin lumana, injin yana kashe, a maimaita kullum safiya har jiki ya haddace. A yi wa bel murfi ko da na langalanga ne, a hana shiga rumfa da babbar riga ko mayafi mai lilo, kuma kowa a wurin, har mai kawo niƙa, a nuna masa inda ake kashewa.

Yaron nan yana nan a rumfar har gobe, bel ɗin ma yana nan yadda yake.