Kauɗa da Ɗanye: Abin da Rana Ke Cinyewa da Abin da Take Bari

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, idan tumatirin rani ya cika kasuwa har kwando bai biyan kuɗin motar da ta kawo shi, manoman Ikara da Makarfi da Kudan kan koma ga dabarar da suka gada: a yanka, a shanya, a ɗura a buhu, a jira damina lokacin da ɗanye zai yi wuya. Masana'antar sarrafa tumatir da gwamnatin Kaduna ta kafa a Ikara a 1981 ta shafe shekaru da dama a rufe, saboda haka rana ce ta ci gaba da zama masana'antar talaka. Sai dai har yau ana gardama a kan kauɗar. Wasu matan gida na ganin ba komai a cikinta sai launi da tsami, wasu dillalai kuwa na rantsuwa cewa ta fi ɗanye amfani. Dukkansu sun zarce gaskiya.

Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin 100 nasa ruwa ne, shi ya sa kilo 100 ba ya ba da ko kilo 10 na kauɗa. Ruwan ne ke tafiya. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana nan, fotasiyam yana nan, haka ma dusar da ke gyara hanji ta sauƙaƙa bayan gida. Laikofin, wato sinadarin da ya ba tumatir jan launinsa, yana da juriyar zafi, kuma jiki ya fi karɓarsa idan an dafa shi da mai. Don haka wadda ta jiƙa kauɗa ta markaɗa ta soya da man gyaɗa ba ta cuci iyalinta ba.

Babbar asarar a bitamin C take. Zafi da haske da iska duk suna lalata shi, kuma shanyar kwana da kwanaki a tsakiyar rana ta haɗa ukun. Shi ne ke taimaka wa rauni ya warke, ya ƙarfafa dasashi, ya kuma sa jiki ya amfana da ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke cikin mangwaro da gwanda, shi ma rana kai tsaye na rage shi. Gidan da ya dogara da kauɗa duk damina yana bukatar gwaiba ko lemo ko ɗanyen ganye a gefe. Muna ma da kuka, wadda ke bushewa cikin ɓawonta ba tare da rana ta taɓa garin ba, bitamin C ɗinta kuwa ya ninka na lemo. A jiƙa ta da ruwan sanyi, kada a tafasa.

Batun zaƙi ba sai an yi wa mutanen Makarfi da Kudan dogon bayani ba, domin sun san mazarƙwaila rake ce da aka kore wa ruwa, kuma sun san sandunan rake nawa ke cikin curi ɗaya. Haka busassun 'ya'yan itace suke. Giram 100 na ɗanyen inabi na ɗauke da sukari kamar giram 16, amma zabibi mai wannan nauyin ya kai wajen 60. Dabino ma sukarinsa ya haura giram 60. Mutum ba zai iya cin mangwaro biyar a zama ɗaya ba sai cikinsa ya ɗauka, amma busasshe yana iya cinye biyar ɗin yana hira bai sani ba. Mai ciwon suga ya kiyaye da wannan, musamman a buɗa-baki, inda ake ajiye faranti a yi ta kai hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu a kullum, kuma a ma'aunin hukumomin lafiya na Ingila, giram 30 na busasshe, abin da bai cika tafin hannu ba, shi ke tsayawa a madadin giram 80 na ɗanye.

Amma a ganina haɗarin da ya fi kusa da mu yana wajen shanyar. Kowa ya ga yadda ake baza tumatir da tattasai da barkono a ƙasa, ko a bakin kwalta, ƙura na sauka, hayaƙin mota na bi, awaki da kaji na ratsawa. Mafi muni, sau da yawa wanda ya fara ruɓewa, wanda aka ƙi saya a kasuwa, shi ake yankawa. Rana ba ta gyara ruɓaɓɓen abu. Idan kuma aka ɗura a buhu bai gama bushewa ba, ko aka jibge shi a ɗaki mai danshi, sai fumfuna ta kama. Wasu nau'o'inta na fitar da guba mai suna aflatoksin, wadda aka sha samu a busasshen barkono da gyaɗa da masara. Tana cin hanta a hankali, tana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, kuma tafasa miya ba ya kashe ta. Zuba fiya-fiya a ɗakin ajiya don korar ƙwari kuwa ƙara wata gubar ce a kan abinci.

Gyaran ba shi da tsada. A zaɓi lafiyayye, a wanke, a shanya a kan gado ko tabarma da aka ɗaga daga ƙasa, a rufa da raga, a kwashe da yamma kafin raɓa. Mangwaro da ganye sun fi son inuwa mai iska. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, wadda ke da reshe a Kano, ta ƙera rumfunan busarwa masu aiki da zafin rana, kuma ƙungiyar manoma a Hunkuyi ko Gubuchi ko Paki na iya neman bayani a kansu ta hannun malaman gona.

Uwargida, idan za ki sayi kauɗa, sa hannu har ƙasan buhu ki ɗebo. Wadda ta yi baƙi, ko take warin danshi, ko take da fari-fari kamar toka a jikinta, ki bar wa mai ita ko da ya rage miki rabin kuɗi.