Kai da Ɗan Sanda: Haƙƙinka da Nauyin da Ke Kanka

A ƙauyukan gabashin Sakkwato, daga Sisawa da Kwasare zuwa Achida, daga Gandi zuwa Shinaka, mutane da yawa sun gwammace su yi asarar babur ko bijimi su haƙura, da su taka ƙafa zuwa caji ofis. Wasu tsoro ke hana su, don suna ganin mai kai ƙara shi ake fara tsarewa. Wasu kuma lissafi suke yi: kuɗin mota, kuɗin mai, kuɗin takarda, a ƙarshe abin da za a kashe ya ɗara abin da ya ɓata. Wannan ƙauracewar tana jawo mana hasara babba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masu shiga tsagar da ke tsakanin jama'a da 'yan sanda sanannu ne: 'yan kamashon da ke raɓe a bakin ofis, da masu yanke hukunci da hannunsu, da infoma na ɓarayin daji.

Rabin tsoron nan ya samo asali ne daga rashin sanin inda ikon ɗan sanda ya tsaya. Doka ta shata masa iyaka, kamar yadda ta ɗora wa kowannenmu nauyi, kuma wajibi ne mu san duka biyun.

Halin da mai kaki yake ciki

A zamanin da Sardauna Ahmadu Bello yake hakimcin Rabah, cikin shekarun 1930, dogarai da 'yan dokan En'e ke riƙe da tsaro. Suna da nasu zaluncin, amma 'yan ƙasa ne, an san gidajen iyayensu. A ƙarshen shekarun 1960 aka narkar da su cikin rundunar 'yan sandan tarayya. Tun daga nan, kurtun da ke tsaye a kanta yana iya kasancewa ɗan wata jiha mai nisa, wanda Hausarsa ba ta wuce ta sayen abinci ba, balle ya gane Sakkwatanci.

Ga kuma ƙaranci. Adadin 'yan sandan Najeriya da aka fi ambata kimanin 370,000 ne, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma wani kaso nasu gadin manya yake yi. Ofis guda kan ɗauki nauyin ƙauyuka barkatai, wasu sai an ƙetare fadama, wasu in damina ta yi nisa mota ba ta kai musu. Su ma ba su tsira ba: a watan Satumba na 2020 'yan bindiga suka afka wa ofishin Gidan Madi a ƙaramar hukumar Tangaza, suka kashe DPO da sufeto guda. Wannan duka ba hujjar karɓar na goro ba ce. Amma wanda ya san halin da ma'aikaci yake ciki ya fi iya magana da shi, ya kuma fi gane lokacin da aka wuce gona da iri.

Idan an kama ka

Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta wajabta wa mai kamu ya gaya maka dalilin kamun. Kana da ikon tambaya cikin ladabi: "Yallaɓai, da wane laifi ake tuhumata?" Kada ka yi kokawa, kada ka gudu, kada ka yi zagi. Dukan ɗan sanda ko hana shi aikinsa laifi ne mai zaman kansa, ko da ƙarar farko ƙarya ce.

Da an isa ofis, a kanta za a karɓi abin da ke jikinka: waya, kuɗi, agogo, makullin babur. Ka buɗe ido a nan. A ƙirga kuɗin a gabanka, a rubuta kowane abu, domin doka ta ce a yi jerin kayan wanda aka kama. Naira dubu ashirin da ba ta shiga littafi ba, neman ta ranar fita wahala ce. Haƙƙinka ne kuma a sanar da danginka inda kake, ba tare da ka biya ko sisi ba.

Sai wurin da mutanenmu suka fi faɗawa rami, wato ba da bayani. Mai bincike zai zauna da takarda da biro, yana tambaya da Hausa yana rubutawa da Turanci, a ƙarshe ya miƙo tawada ya ce dangwala. Abin da ka dangwala wa yatsa shi zai bi ka har gaban alƙali. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka ikon yin shiru har sai ka gana da lauya ko wani mutum da ka zaɓa da kanka. Ba dole sai lauya ba: malamin makaranta ko ɗan'uwanka mai karatu ya isa ya zauna a wurin. In ba ka jin Turanci, a kawo tafinta ya karanta maka abin da aka rubuta daga farko har ƙarshe. In ka ji abin da ba ka faɗa ba, ka ce a gyara kafin ka sa hannu.

Duka, ratayewa, hana abinci ko barci don mutum ya amsa laifi, duk Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta haramta su, kuma hukuncin mai yi yana kaiwa ɗaurin shekara 25. Kotu ba ta karɓar iƙirarin da aka tatsa da azaba, in an tabbatar mata da haka.

Tsarewa ma tana da wa'adi. In akwai kotun da ke da hurumi cikin tazarar kilomita 40, kwana guda ne a kai mutum gabanta. In babu, kwana biyu. Sai dai a lura: manyan laifukan da hukuncinsu kisa ne, irin su kisan kai da fashi da makami, ba sa cikin wannan wa'adin, kuma ba a ba da belinsu a caji ofis. Wannan maganar kotu ce.

Beli, da kamun wani a madadin wani

Belin 'yan sanda kyauta ne. Abin da ake nema shi ne mai tsaya maka, mutum sananne mai adireshi, wanda zai sa hannu cewa zai kawo ka ranar da aka buƙata. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce ba a hana mutum tsayawa beli don kawai mace ce. Sau da yawa ma ba ɗan sanda ke fara yanka farashi ba. Wani ne daga cikinmu zai tare dangi a gindin bishiyar bakin ofis, ya ce ya san oga, a kawo dubu talatin ya shiga ya gyara magana. Rabi ya tsaya a aljihunsa. Ku wuce shi, ku nemi ganin mai binciken, in ta ƙi ku nemi DPO da kansa. Malamanmu kullum suna tunatar da mu cewa zunubin rashawa bai bar mai bayarwa ba.

Haka nan sashe na 36 na dokar 2020 ya haramta kama wani a madadin wanda ake nema. In yaro ya gudu, ba a tsare mahaifinsa ko matarsa ko ƙanensa don ya fito. Ana iya tambayarsu abin da suka sani, kuma wanda ya ɓoye mai laifi da gangan ya sayi nasa laifin, amma zumunta kaɗai ba tuhuma ba ce.

Ba kowace rigima ce ta caji ofis ba

A ce manomi a Wurno ya ba dillali buhu arba'in na albasa bashi, farashi ya faɗi a Kudu, dillali ya kasa biya. Mai kaya ya fusata, ya je ya sa a kulle shi har sai danginsa sun haɗo kuɗin. Sashe na 32 na dokar 2020 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Ɗan sanda ba mai karɓar bashi ba ne. Haka rikicin iyakar gona, rabon gado da matsalar aure: wurinsu gaban mai unguwa, uban ƙasa, ko kotun shari'a. Sai in yaudara ko cin amana ko zubar da jini sun shigo ciki ne magana ke zama ta 'yan sanda. Mu kanmu muke koya wa wasu ma'aikata wannan ɗabi'a, duk ranar da muka biya don a wulaƙanta abokin rigimarmu. Wanda ya sa aka kulle wani yau da kuɗinsa, gobe mai kuɗin da ya fi shi zai sa a kulle shi.

A shingen kan hanya

Mai bin hanyar Sakkwato zuwa Goronyo, ko wadda ta ratsa Marnona ta nufi Isa, ya saba da shinge: gungumen itace, tsofaffin tayoyi, buhunan yashi. In an tsayar da kai, ka rage gudu tun daga nesa, ka tsaya, hannuwanka a inda ake ganinsu. Da dare ka kunna fitilar cikin mota. Mutumin da ya kwana a hanyar da ake yi wa jami'ai kwanton ɓauna, motsi kaɗan ke firgita shi. Direba da ɗan kabu-kabu su riƙe takardunsu cikakku, domin takardar da ta mutu ita ce ƙofar da ake bi a tatse mutum. Ɗan sanda yana da ikon bincike in yana da dalilin zargi mai ƙarfi, amma doka ta ce shiga, aski ko kamannin mutum kaɗai ba dalili ba ne. Mace kuwa, mace ce ke laluba jikinta. In an zalunce ka, bakin shinge ba wurin musu ba ne. Ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa, lambar mota, wuri da lokaci, ka wuce.

Nauyin da ke kanmu

Yankinmu ya ga abin da ya gani. A watan Yuli na 2018 an kashe fiye da mutum 30 a Tabanni da kewaye, jama'a suka kwarara Gandi gudun hijira. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da rasuwar mutum 43. Wannan harin ya zo ne jim kaɗan bayan kisan da aka zargi 'yan sa-kai da yi a kasuwar Mamande ta Gwadabawa. Darasin a fili yake: hukuncin da aka yanke a tsakiyar kasuwa ba ya kashe wuta, ramuwa yake haifarwa, kuma kan wanda bai ji ba bai gani ba take sauka. Ko ɗan banga, ko jami'in rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024, ko kai da kanka, duk wanda ya kama wanda ake zargi, doka ta ce ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba.

Labari shi ne babban makamin ɗan sanda, kuma a hannunmu yake. Wanda ya ga ana kai jarkokin mai ko buhunan burodi daji, ya sani kafin kowa. Tsoron kada magana ta fita gaskiya ne, don haka kada a yi ta a majalisa ko wurin mai shayi. A kai ta kai tsaye ga DPO, ko ta hannun uban ƙasa ko wani dattijo amintacce. Amma a ji tsoron Allah: laƙaba wa maƙwabci sunan infoma saboda gabar gona ko neman aure na iya halaka shi, kuma ba hukuma labarin ƙarya laifi ne da ake hukuntawa.

Ka kiyaye abin da kake saye. Saniya ko waya ko babur da aka yi maka araha fiye da ƙima, ba rasit ba shaida, na iya kai ka bayan kanta da tuhumar karɓar kayan sata. Ka saya ta hannun dillali sananne, gaban shaidu. Ka adana rasit da lambar injin baburinka da kwalin wayarka, don da su ake bin sawu.

In an harbi wani, asibiti za a fara nufa. Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓe shi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba; asibitin ne zai sanar da hukuma daga baya. Wanda ya taimaka ya kawo shi kuma ba a wulaƙanta shi.

Inda ake kai kuka

Sama da kurtu akwai DPO, sama da shi akwai kwamandan yanki, sai kwamishina a Sakkwato. Tun 2015 rundunar tana da sashen karɓar koke-koken jama'a kan ma'aikatanta. A wajenta akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda mai ladabtar da su, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a mai ba talaka lauya kyauta. Doka ta kuma ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin yankinsa kowane wata don duba waɗanda ke tsare. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, Tsarin Mulki ya ba shi haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Koke ya fi tasiri in a rubuce yake, da rana da wuri da sunayen shaidu, ka kuma riƙe kwafi.

Mutum guda ba ya iya tsayawa kan waɗannan haƙƙoƙi shi kaɗai, musamman in bai yi boko ba. Saboda haka kowane gari ya ware mutum biyu ko uku masu karatu da mutunci, waɗanda za su riƙa raka duk wanda aka kira ofis. Limamai su saka wannan bayani cikin wa'azi, masu unguwanni su nemi wakilci a kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na yankinsu, su kuma riƙa gayyatar DPO zama da mutanen gari tun babu abin da ya faru. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kare mu daga zalunci da zama azzalumai.