Mdou Moctar da Jitar Wayar Birki

Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga yankin Tawa a Nijar, kuma ya taso a gidan da ba a son ko jin zancen kiɗa. Yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗa jita a bainar jama'a, daga nan hankalinsa ya tafi. Kuɗin saye babu, izini babu. Sai ya samo katako, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya koya wa kansa a ɓoye. Ga shi kuma bahago.

A shekarar 2008 ya shigo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. Lokacin nan waƙoƙin finafinan Hausa ne ke tashe, da kiɗan kwamfuta da muryar da na'ura ke lanƙwasawa, shi kuwa ya ɗora waƙoƙin Tamashek a kan wannan salo. A lokacin babu kamfanin da ya sayar da kundin. Matasa ne suka riƙa tura wa juna ta bulutut da katin waya, har waƙoƙin suka ratsa hamada zuwa Mali, galibi ba tare da sunan mai su ba. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar Tahoultine, ya sa ta cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, sannan ya shiga cigiyar mawaƙin. Da ya same shi, jita irin ta bahagwai ya kawo masa.

Turawa na yawan kiransa Jimi Hendrix na Sahara, wannan kuwa ragwancin marubuta ne. Saurin yatsunsa daga takamba ya samo asali, kiɗan molo da ƙwarya na bukukuwan Abzinawa. Sai da ya ƙware kafin ya ga bidiyon makaɗin jita Eddie Van Halen, ya ɗauki dabarar ƙwanƙwasa waya da yatsu ya sarrafa ta yadda ta dace da shi.

A 2015 ya fito a fim da harshen Tamashek wanda aka gina kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince. Kundinsa Afrique Victime na 2021 ya kai shi manyan dandalolin Turai da Amurka, yana caccakar Faransa kan yuraniyom ɗin Arlit. Yana tsakar yawon wasa a Amurka sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum a Yulin 2023, aka rufe iyakoki, sai da masoya suka yi karo-karo don ɗawainiyar shi da abokan kiɗansa kafin hanyar gida ta buɗe.